Yadda ake koyon Turanci da rubutun adabi a kwalejojin birnin Makka

Idan aka ambaci karatu a birnin Makka, abin da ke fara zuwa zuciyar mafi yawan Hausawa shi ne da'irar malamai a Masallacin Harami, da haddar Alƙur'ani, da darussan Hadisi da Fiƙihu. Sai dai a wannan birni ne kuma aka buɗe makarantar da masu nazari da dama ke ɗauka a matsayin mafarin koyar da Turanci a tsarin ilimin zamani na Saudiyya, kimanin shekara 90 da suka wuce.

A yau dubban matasa maza da mata ne ke zama a azuzuwan Jami'ar Ummul Ƙura da kwalejojin da ke ƙarƙashinta, suna koyon yadda ake gina jimla da sakin layi da cikakken insha'i cikin harshen Ingilishi. Wasu na neman abin da za su samu aiki da shi a birnin da ke karɓar baƙi masu magana da harsuna barkatai. Wasu kuma na nazarin adabi, da fatan wata rana su bayar da labarin garinsu da bakinsu.

Mece ce kwalejin al'umma?

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare wadda galibi ake kammalawa cikin shekara biyu. Asalin tsarin daga Amurka yake. Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida, ita ce ake lissafawa a matsayin mafi daɗewa cikin irin waɗannan makarantu na gwamnati. Sunan kwalejin al'umma kuwa ya bazu ne bayan rahoton wani kwamiti kan ilimi mai zurfi da Shugaba Harry Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947.

Manufar ita ce a kusanto da ilimi ga wanda jami'a ta yi wa nisa ko tsada, ko kuma sakamakon jarrabawarsa bai kai ya shiga kai tsaye ba. Ɗalibi na da zaɓi biyu. Ko dai ya koyi sana'a ya fita da takardar shaida ya kama aiki, ko kuma ya yi shekara biyun farko a nan, sannan ya ƙarasa digirinsa a jami'a.

A Amurka, da wuya ɗalibi ya fita daga irin wannan kwaleji bai ɗauki darasin insha'i ba, ko da kuwa aikin jinya ko gyaran mota ya zo koyo. Wannan al'ada ta samo tushe daga Jami'ar Harvard, wadda ta shigar da rubutun insha'i cikin jarrabawar shigarta a 1874, ta tarar cewa da yawa daga masu neman gurbi ba su iya rubutu mai tsari ba. Zuwa 1885 ta mayar da darasin wajibi ga ɗaliban shekarar farko, sauran makarantu kuma suka bi sahu.

Ga mai karatu a Najeriya, abin da ya fi kusa da wannan tsari shi ne kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, inda ake ba da NCE ko difloma, kuma ake tilasta wa kowa darasin sarrafa Turanci a shekarar farko.

Yadda tsarin ya shiga Saudiyya

Saudiyya ta fara buɗe kwalejojin al'umma a ƙarshen shekarun 1990, a garuruwan da a lokacin ba su da jami'a, irin su Tabuk da Ha'il da Jazan. Kowace kwaleji an rataya ta ne a wuyan wata babbar jami'a da ke kula da manhajarta. Dalilin kafa su a bayyane yake: masu gama sakandare sun fi ƙarfin guraben da jami'o'i ke da su, kamfanoni kuma na kukan rashin 'yan ƙasa masu matsakaiciyar ƙwarewa.

Kamar a Amurka, an raba karatun gida biyu, wato shirin share fagen komawa jami'a da kuma shirin horaswa domin aiki. Daga baya tsarin ya bazu zuwa manyan birane, Jami'ar Ummul Ƙura ita ma ta samu tata kwalejin al'umma a Makka.

A 2021 hukumomin ilimi na ƙasar suka sauya fasalin waɗannan makarantu, aka mayar da su abin da ake kira da Larabci Kulliyya Taɗbiƙiyya, ma'ana kwalejin koyon aiki a aikace. An karkata su ga difloma da ke da alaƙa kai tsaye da kasuwar aiki, a fannoni irin su kwamfuta da kasuwanci da hidimar baƙi. Sauyin na cikin shirin Vision 2030 da aka ƙaddamar a watan Afrilun 2016, wanda ke neman rage dogaro da man fetur da kuma sanya 'yan ƙasa a guraben da baƙi suka daɗe suna riƙewa.

Wannan sauyi ya shafi irin Turancin da ake koyarwa. A kwalejin koyon aiki, Turanci makami ne na rubuta wasiƙar ofis da rahoto da amsa tambayar baƙo. Mai son nazarin Shakespeare ko ƙagaggun labarai sai ya nemi sashen Turanci na jami'ar kanta.

Asalin koyar da Turanci a Makka

Kafin kafuwar daular Saudiyya ta yanzu, Makka tana da makarantu masu tsari baya ga karatun Harami. Akwai Sawlatiyya, wadda malamin nan ɗan Indiya Rahmatullah Kairanawi ya kafa a shekarun 1870 da taimakon wata attajira daga Kalkata. Akwai kuma Al-Falah, wadda ɗan kasuwa Muhammad Ali Zainal ya fara a Jidda a 1905, ya buɗe reshenta a Makka bayan 'yan shekaru. A makarantun gwamnatin Usmaniyya kuwa, Turkanci ne harshen koyarwa.

Bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz, an kafa hukumar ilimi ta farko a Makka a 1926. Shigar da harsunan waje cikin manhaja bai zo da sauƙi ba. Hafiz Wahba, Bamisiren da ya kasance mai ba Sarki shawara kuma ya kula da harkar ilimi, ya rubuta cewa a wajajen 1930 wasu malamai sun taru a Makka suka nuna adawa da koyar da zane da labarin ƙasa da harsunan waje, bisa tsoron cewa harshen baƙi ƙofa ce ta shigowar aƙidunsu. Sarkin ya saurare su, amma ya bar darussan suka ci gaba.

Masu goyon bayan koyon harsuna sun daɗe suna kafa hujja da tarihin Zaidu ɗan Sabit, Sahabin da Manzon Allah (SAW) ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma rubuta amsa.

A 1936 aka buɗe Madrasatu Tahdiril Bi'isat a Makka, wato makarantar shirya ɗaliban da za a tura karatu ƙasashen waje. An gina manhajarta bisa tsarin Masar, inda mafi yawan ɗaliban ke zuwa, kuma Turanci na cikin darussanta. Shekara biyu bayan haka aka haƙo mai a Dammam, kamfanin Amurkawan da ya zama Aramco ya sa Turanci ya zama harshen samun aiki mai tsoka a gabashin ƙasar.

Shekara da shekaru yaro ba ya fara Turanci a makarantar gwamnati sai ya gama firamare. A 2004 aka sauko da shi zuwa aji shida, daga baya zuwa aji huɗu, sannan daga 2021 aka fara koyar da shi tun daga aji ɗaya.

Daga Kwalejin Shari'a zuwa Ummul Ƙura

Ilimi mai zurfi na zamani a Saudiyya ma daga Makka ya faro. A 1949 aka kafa Kwalejin Shari'a, wadda ita ce ta farko a ƙasar baki ɗaya. Kwalejin horas da malamai ta biyo baya a 1952, sai Kwalejin Tarbiyya a 1962. A 1971 aka haɗe kwalejojin Makka da Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, kafin a 1981 su tsaya da ƙafarsu da sunan Jami'ar Ummul Ƙura.

Babban mazaunin jami'ar na Abidiyya, kusa da filin Arfa. Tana da wani a unguwar Aziziyya, ɗalibai mata kuma sun daɗe suna karatu a Zahir. Tana da rassa a garuruwan Jumum da Lis da Ƙunfuza.

Turanci na shiga rayuwar ɗalibin jami'ar ta hanya biyu. Ta farko ita ce darussan gama-gari na shekarar farko, waɗanda suka fi tsanani ga masu shirin karanta likitanci da injiniyanci da kwamfuta, domin da Turanci ake koyar da waɗannan fannoni. Ta biyu ita ce sashen Turanci, wanda ya daɗe a ƙarƙashin Kwalejin Nazarin Zamantakewa, inda ake yin digiri a kan harshen da adabinsa da kimiyyar harshe da fassara.

Akwai wani abu da ya bambanta Makka da Riyadh ko Jidda. Tun da ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga birnin, makarantun cikinsa sun dogara ne ga malamai Musulmi: 'yan ƙasa, da 'yan Masar da Sudan da Jodan da Pakistan da Indiya, da kuma Musulmin Birtaniya da Amurka.

Me ake koyarwa a darasin insha'i?

Darasin na tafiya ne daki-daki. Ana farawa da jimla: mai aikatawa, da aikatau, da abin da aikin ya faɗa wa, da inda aya da waƙafi ke zama. Daga nan sai sakin layi, inda ake koya wa ɗalibi ya buɗe da jimlar da ke ɗauke da manufarsa, ya kawo hujjoji da misalai, sannan ya rufe.

Mataki na gaba shi ne insha'i mai sakin layi biyar, wato gabatarwa, da sassa uku na bayani, da kammalawa. Ana gwada ɗalibi a nau'o'i daban-daban: ba da labari, da siffantawa, da kwatanta abu biyu, da bayyana dalili da sakamako, da kuma kare ra'ayi da hujja. A ƙarshe sai rubutun bincike, inda ake koyon ambaton madogara da guje wa satar fasaha.

Tun daga shekarun 1970 masana koyar da rubutu suka karkata ga ɗaukar rubutu a matsayin aiki mai matakai. Ɗalibi zai tattara tunaninsa, ya yi daftarin farko, ya ba abokan karatunsa su duba, ya gyara, ya sake gyarawa. Wannan hanya na buƙatar aji marar cunkoso da malami mai lokacin karanta kowace takarda. Inda aka rasa waɗannan, darasin kan koma haddace samfurin insha'i domin a zuba shi a takardar jarrabawa.

Inda ɗalibi Balarabe ke tuntuɓe

Wasu matsalolin daga rubutun kansa suke. Larabci daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, ba shi da babban baƙi da ƙarami, kuma a rubutun yau da kullum ba a sanya gajerun wasula. Wanda ya saba da haka yakan sha wahala da haruffan kalmomin Turanci, inda wasali ɗaya ke raba kalma da 'yar'uwarta. Larabci ba shi da sautin p, don haka ake yawan musanya shi da b, kamar yadda Bahaushe kan musanya shi da f.

Wasu kuma daga nahawu suke. A Larabci ana iya gina cikakkiyar jimla ba tare da aikatau ba, abin da Turanci bai yarda da shi ba. Haka nan harafin wa, wanda ke ɗaure jimloli masu yawa cikin salo mai daɗi a Larabci, idan aka kwaso shi zuwa Turanci sai ya haifar da doguwar jimla marar wurin numfashi.

A 1966 masanin harshe Robert Kaplan ya wallafa wata maƙala da ta yi tasiri, inda ya ce kowace al'umma na da hanyarta ta jera tunani a rubuce. A ganinsa, marubucin Turanci kan miƙe zuwa ga manufarsa, na Larabci kuma kan gina magana da jimloli masu tafiya kafaɗa da kafaɗa suna ƙarfafa juna. An soki wannan ra'ayi da cewa ya sauƙaƙa al'amari fiye da kima, kuma ya mayar da salon Turanci ma'auni ga sauran. Duk da haka ya bar darasi guda ga malamai: maimaici da ado da ake yabo a balagar Larabci na iya zama abin da malamin Turanci zai ja wa jan layi, ba don ɗalibin ya kasa tunani ba.

Akwai kuma batun cewa Larabcin da yaro ke magana da shi a gida ya bambanta da Fusha da ake rubutu da ita. Ɗalibin Makka kan zo ajin Turanci ne yana riƙe da salon magana biyu tun kafin a ɗora masa na uku.

Muhawarar harshe ko adabi

Sassan Turanci na jami'o'in ƙasashen Larabawa sun gaji manhajar da ta fi ba adabin Ingila muhimmanci, daga Chaucer da Shakespeare zuwa Dickens da T. S. Eliot. A shekarun 1980 masani ɗan Jodan Muhammad Raji Zughoul ya yi kira da a sake fasalin waɗannan sassa, yana mai cewa ana ɗora wa ɗalibai adabi mai nauyi alhali ba su mallaki harshen ba. A 1997 wani masanin, Marwan Obeidat, ya kare matsayin adabi, bisa hujjar cewa ta hanyar karanta shi ne ɗalibi ke sanin zurfin harshe da tunanin masu shi.

A Makka muhawarar na da wani ɓangare na daban, wato dacewar abin da ake karantawa da addini da al'ada. Wasu na ganin a tace littattafan da ake sanyawa a manhaja. Wasu kuma na cewa ɗalibin da ya ƙware a nazari zai iya karanta abin da bai yarda da shi ba, ya kuma mayar da martani da hujja.

Abin da ya rage zafin wannan jayayya shi ne faɗaɗar adabin Turanci kansa. Yanzu ya haɗa da Chinua Achebe na Najeriya, da Leila Aboulela 'yar Sudan, da Abdulrazak Gurnah ɗan asalin Zanzibar wanda ya ci kyautar Nobel a 2021. Ɗalibi Musulmi na iya samun mutane masu irin rayuwarsa a cikin littafin da aka rubuta da Turanci.

Shin ana koyar da rubutun ƙirƙira?

Tsarin koyar da ƙagaggen labari da waƙa a aji ya shahara ne daga Jami'ar Iowa ta Amurka, wadda ta fara shirinta a 1936. Marubuci zai raba aikinsa ga abokan karatu, su tattauna a kansa yana saurare, sannan ya koma ya gyara.

Ƙasar Hijaz ta san irin wannan tun kafin Musulunci. A kasuwar Ukaz kusa da Ɗa'ifa, da kasuwannin Majanna da Zul Majaz kusa da Makka, mawaƙa kan rera ƙasidunsu a gaban jama'a. Littattafan adabi sun ruwaito cewa akan kafa wa Nabigatuz Zubyani jar hema ta fata a Ukaz domin ya yi alƙalanci tsakanin mawaƙa.

A zamanin yau, galibin horon marubuta a Saudiyya a wajen aji yake gudana, kuma da Larabci. Kulob-kulob na adabi da aka kafa a manyan birane a shekarun 1970, ciki har da na Makka, sun daɗe suna shirya zaman karatu da buga littattafai. A 2018 aka kafa Ma'aikatar Al'adu, a 2020 kuma aka samar da Hukumar Adabi da Ɗab'i da Fassara, wadda ke shirya bitoci ga marubuta tana kuma tallafa wa fassara daga Larabci da kuma zuwa cikinsa.

Marubutan da Makka ta haifa

A Makka aka fara buga jaridar Ummul Ƙura a 1924, sai Sautul Hijaz a 1932, wadda ta zama dandalin matasan marubuta. Littafin At-Tau'aman na Abdulƙuddus al-Ansari, mutumin Madina, wanda ake ɗauka ƙagaggen labari na farko a Saudiyya, ya fito ne a 1930. Shekara uku ke nan kafin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar.

Ahmad as-Siba'i, wanda ya rasu a 1984, ya rubuta tarihin Makka da kuma labarin ƙuruciyarsa a cikinta. Hamid Damanhuri ya wallafa Samanut Tadhiya a 1959, labarin wani saurayi ɗan Makka da ya tafi Alƙahira karatun likita. Hamza Bogary ya rubuta Saƙifatus Safa kan rayuwar tsohuwar Makka kafin zuwan arzikin mai, aka fassara shi zuwa Turanci a 1991 da sunan The Sheltered Quarter.

Wadda ta fi nuna inda karatun Turanci zai iya kai ɗan Makka ita ce Raja Alem. A birnin aka haife ta, ta kuma karanci adabin Turanci a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Da Larabci ta yi mafi yawan rubutunta, amma ta fitar da littattafai biyu da Turanci tare da Ba'amurke Tom McDonough, ɗaya daga cikinsu labari ne na Makka. A 2011 littafinta Ɗauƙul Hamam ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci ta duniya tare da na Mohammed Achaari ɗan Maroko, ta zama mace ta farko da ta samu kyautar. Labarin ya fara ne da gawar wata mata a wani lungu na Makka, kuma lungun da kansa na cikin masu ba da labarin. Fassararsa ta Turanci ta fito a 2016.

Waɗanda suka rubuta Makka daga waje

Muhimmancin wannan ya fi fitowa idan aka duba waɗanda suka daɗe suna ba duniyar masu Turanci labarin birnin. Joseph Pitts, Baturen Ingila da aka kama aka bautar a Aljeriya, ya je Hajji tare da ubangidansa, ya wallafa labarinsa a 1704. Johann Ludwig Burckhardt ɗan Suwizalan ya zauna a Makka a 1814. Richard Burton ya shiga a 1853 cikin ɓad-da-kama.

A ƙarni na 20 Musulmi suka karɓi alƙalamin. Lady Evelyn Cobbold ta yi Hajji a 1933 ta rubuta littafi a kai. Muhammad Asad ya fitar da The Road to Mecca a 1954. Wasiƙar da Malcolm X ya aika gida lokacin Hajjinsa na 1964, kan yadda ya ga farare da baƙaƙe suna ibada tare, ta shiga tarihin gwagwarmayar baƙar fata a Amurka.

Dukkan waɗannan baƙi ne da suka zo suka koma. Makkar da ke da makarantu da kasuwannin unguwa da bukukuwan aure, da tsofaffin unguwannin da aka rushe domin faɗaɗa Harami, sai ɗan gari ne zai iya rubuta ta.

Ina Hausawan Makka a wannan labari?

Hausawa da sauran al'ummomin Afirka ta Yamma sun yi ƙarnoni suna zuwa Hajji ta ƙasa, wasu kuma suka zauna. Ƙaurar ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci daular Usmaniyya ta Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903 yana kan hanyar gabas. Wasu mabiyansa sun tsaya a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz.

Jikokinsu da dama 'yan ƙasar Saudiyya ne a yau, masu ɗauke da sunaye irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Osama Hawsawi, wanda ya jagoranci tawagar ƙwallon ƙafar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. Har yanzu ana jin Hausa a unguwanni irin su Shara Mansur da Hindawiyya. Akwai kuma waɗanda aka haifa a can amma ba su da cikakkun takardun zama, abin da ke toshe musu hanyar karatu mai zurfi.

Marubuci ɗan Makka Mahmud Tarawuri ya taɓo tarihin wannan al'umma a littafinsa Maimuna, wanda ya ci kyautar Sharja ta fasahar Larabawa a 2001. Labari ne na iyalin da suka taso daga Afirka ta Yamma domin sauke farali suka zauna a birnin.

A gida ma an ga amfanin haɗa harsuna biyu a hannun mutum ɗaya. Aliyu Kamal, malamin Turanci a Jami'ar Bayero ta Kano, shi ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012.

Aikin Hajji da kasuwar aiki

A Hajjin 2023 alhazai sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya a Arfa, Najeriya kaɗai an ware mata kujera 95,000. Shirin Vision 2030 kuma na da burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. Mafi yawan waɗannan baƙi ba sa jin Larabci.

Tun da can muɗawwifai, wato masu jagorantar alhazai, sukan koyi harshen mutanen da suke yi wa hidima, su gadar wa 'ya'yansu. Yanzu aikin ya koma hannun kamfanoni da otal-otal da asibitoci da jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, kuma a duk waɗannan wurare Turanci ne ke haɗa ɗan Indunisiya da ɗan Najeriya da ma'aikacin Saudiyya.

Fassara ma ta zama babbar sana'a. A 2018 aka fara fassara huɗubar Arfa kai tsaye zuwa harsuna biyar, ciki har da Turanci. A 2020 aka kai su goma, Hausa na ciki, sannan a 2023 suka kai 20.

Sabon ƙalubalen da malaman insha'i ke fuskanta shi ne manhajoji irin su ChatGPT da Google Translate, waɗanda ke iya fitar da insha'i marar kuskuren nahawu cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan ya sa malamai a sassan duniya ke komawa ga rubutu a cikin aji, da neman ganin daftarin farko, da tambayar ɗalibi ya kare abin da ya rubuta da baki. Ga ɗalibin da zai tsaya a gaban alhajin da ya ɓata, ko ya rubuta rahoton marar lafiya a asibitin Mina, abin da za a nema a wurinsa shi ne ya fahimci mai magana, ya kuma bayyana abin da ya faru dalla-dalla.